Maganar Baba da Maganar Kati

Grand Concourse, Bronx
14 ga Afrilu

Zuwa ga Yayana, Ticha Abukari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da Aboabo baki ɗaya, kafin ka karanta komai ka shiga ɗakin Mma ka durƙusa ka gaishe ta a madadina. Ka durƙusa sosai, ba irin rusunawarku ta malaman makaranta ba. Sannan ka zauna ta wajen kunnenta na dama ka karanta mata wannan takarda da ƙarfi, kuma kada ka tsallake wuraren da na taɓa ka.

Albishirinku. An sa mini ranar intabiyu ta zama 'yar ƙasa, shida ga watan Mayu. Kai ka san dalilin wannan fafutuka tawa, amma zan sake faɗa don Mma ta ji daga bakina. Katin zaman da nake riƙe da shi, girin kad, ba ya barin mutum ya daɗe a waje. In na wuce wata shida sai a fara yi mini tambayoyi a filin jirgi, in na shekara kuwa ƙofa na iya rufewa, ga 'yata Zuweira da jikokina uku a nan. Shi ya sa duk zuwana gida kamar baƙuwa nake, in sha ruwa in juya. In fasfo ɗinsu ya shigo hannuna, zan zo in zauna da Mma iya abin da Allah ya nufa, ran da na so ganin jikoki kuma in dawo ba mai tare ni. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wanke tsofaffin wasu, ina shafa musu mai, ina yanke musu farce. Ina so in yi wa tawa uwar tun tana gane hannuna.

Tambayoyin da ake haddacewa sun haura ɗari. A ciki za su zaɓi ashirin, in ka ci goma sha biyu ka haye. Zuweira ta buga mini su a ƙananan katuna, tambaya a gaba, amsa a baya. Da su nake shiga jirgin ƙasa, da su nake tuƙa tuwo, shekaranjiya har ɗaya ya faɗa cikin miyar kuka.

Na kuma samu malama kyauta. Tsohuwar da nake kula da ita a unguwar Parkchester, Misis Dolan, shekarunta casa'in da uku, kuma tun tana yarinya take cikin waɗannan gidajen, tun fentinsu bai gama bushewa ba. Da na ba ta maganin safe sai ta ɗora tabarau a kan hanci ta zama ofisa. In na kuskure ta buga cokali a tebur, in na ci ta ba ni biskit ɗin da ni na saya mata.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Akwai kati ɗaya da ya tsaya mini a wuya. Tambayar ita ce, me ya sa Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu? A bayansa an rubuta wai don Japan ta jefa wa jiragen ruwansu bama-bamai a wani wuri, Pearl Harbor. Yaya, ba haka Baba ya faɗa mana ba. Ka tuna duk ranar Sallah, in ya ci ya ƙoshi, sai ya ɗauko labarin lokacin da yake lebura a filin jirgin Ankara, babban birninmu, yana gangara gangunan mai. Ya ce Amurkawa sun zo da rigunan gida, ba kaki, suna taunar cingam, suna tura wa Turawan Ingila jiragen yaƙi ta Kano har Masar. In ka tambaye su sai su ce su ba ruwansu da yaƙi, ma'aikatan kamfani ne. Bayan 'yan watanni aka wayi gari filin ya cika da kaki. Baba ya ce, "Waɗannan sun daɗe a cikin yaƙi, riga kawai suka sauya." Yanzu kati ya zo yana ce mini wani abu daban. Kai ne ka koyar da tarihi shekara talatin da huɗu, ka raba mini wannan gardama.

Souley, direban nan ɗan Nijar da ke jiran fasinja a filin jirgin JFK, shi zai nemi mai tafiya Gana ya ba shi wannan takarda, tare da man zafi na gwiwar Mma.

Ƙanwarka da ba ta jin magana,
Hamdatu

*

Aboabo, Kumasi
23 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Hamdatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na karɓi wasiƙarki mai kwanan wata 14 ga Afrilu ta hannun wata baiwar Allah mai suna Abena, tare da man zafi kwalba biyu. Na durƙusa kamar yadda kika umarta, kuma sai da aka kama ni kafin na miƙe. Na karanta wa Mma komai ban tsallake ko layi ɗaya ba, duk da cewa akwai layukan da suka cancanci a tsallake.

Game da tambayarki, ki natsu ki saurara. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Turai a 1939, yawancin Amurkawa ba sa son shiga. Sun tura 'ya'yansu yaƙin farko, sun ga gawawwakin da aka dawo da su, suka ce ba za su ƙara ba. Har dokoki suka yi na zama 'yan ba-ruwanmu. Da Ingila ta shiga uku, sai suka fara sayar mata da makamai, daga baya suka koma ba ta aro. Ranar 7 ga Disamba, 1941, Japan ta kai harin da katinki ya ambata, washegari kuma Amurka ta shelanta yaƙi. Wannan shi ne abin da ke cikin littafi, kuma shi na koya wa yara har na yi ritaya.

Baba, Allah ya jiƙansa, lebura ne, ba marubucin tarihi ba. Abin da ya gani ya gani, amma ba shi zai ba ki maki ba. Jarrabawa ba kotu ba ce, ba kuma zauren sulhu na matan unguwa ba ne, inda na ji an ce ke ce shugaba kuma ba a tashi sai kin yi jawabin rufewa. Abin da aka rubuta a bayan kati shi za ki faɗa, ki rufe bakinki. Na san rufe baki shi ne darasin da ya fi ba ki wuya tun kina aji ɗaya, don haka ki fara gwadawa tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mma tana nan lafiya gwargwado. Idon ya ƙara yin hazo, amma kunnen dama yana aiki fiye da yadda muke so. Da ta ji maganar zuwanki ta sa an share ɗakin da ke kusa da nata, an fitar da buhunan masara na matata, abin da ya jawo mini magana kwana biyu. Ta ce in gaya miki tana sa ki a addu'a bayan kowace salla, kuma man zafin nan ya fi na bara yaji.

Ki gaida Zuweira da maigidanta da yara. Allah ya ba da sa'a.

Yayanki,
Abukari
Tsohon malamin tarihi

*

Grand Concourse, Bronx
8 ga Mayu

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ka zauna kafin ka karanta, kuma ka ajiye sandarka nesa.

Na faɗi. Da maki ɗaya na faɗi.

Bari in ba ka labarin tiryan-tiryan, don na san in ban faɗa ba Zuweira za ta kira matarka ta ƙara gishiri. Na yi wanka, na sa leshina mai ruwan ƙwai, Souley ya kai mu har ƙofar ginin ya ƙi karɓar ko sisi. Ofisar da ta kira ni yarinya ce sa'ar Zuweira, mai fara'a, har ta yaba ɗaurin kallabina. Kafin in zauna sai ta ce in ɗaga hannun dama in rantse cewa duk abin da zan faɗa a ɗakin nan gaskiya ne. Yaya, ba wanda ya gaya mini akwai rantsuwa. Kai ka ce jarrabawa ba kotu ba ce, to ga ni tsaye da hannu a sama. Na rantse, kuma ni in na rantse na rantse.

Karatun Turanci da rubutu na wuce su kamar ruwa. Da aka zo tambayoyi sai abubuwan da na sani sarai suka gudu suka bar ni. Na ci wasu, na zubar da wasu. Ina lissafi da yatsu a ƙarƙashin tebur: goma sha ɗaya daidai, takwas kuskure, saura ɗaya. Ta dubi kwamfutarta ta ce, me ya sa Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu?

Amsar tana kan harshena. Wallahi ina ganin bayan katin a idona, har da ɗigon manja da ke gefensa. Amma sai na ga Baba zaune a kan buzunsa yana cewa riga kawai suka sauya. Na ce a raina, yanzu ni Hamdatu, da rantsuwa a wuyana, in buɗe baki a gaban baƙuwa in ƙaryata ubana yana kabari? Sai na ce mata, "Madam, abin da ke cikin katinku na san shi, amma na rantse zan faɗi gaskiya. Kun riga kun shiga tun kafin ranar nan. Babana ya gan ku a Gana."

Ta ɗago kai daga kwamfutar. Ta ce, a hankali kamar mai lallashin yaro, "To, Ma, faɗa mini abin da ke cikin katin." Ka ga yarinyar kirki, ta buɗe mini ƙofa da hannunta. Ni kuwa na ce ba zan iya ba, sai dai in ba ta labarin gangunan mai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce labari ne mai daɗi, ta miƙo mini takardar cewa ban ci ba.

Zuweira ta riƙe kai a bakin titi tana ta faɗa da Turanci, "Mommy, two words! Kalma biyu kawai!" A jirgin ƙasa na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ba don kati na yi ba, ɗakin nan da Mma ta sa aka share na tuna.

Washegari na gaya wa Misis Dolan. Ta yi dariya har sai da na ɗauko mata ruwa, daga nan kuma ta ɓata rai. Ta ce ita ma ai tana da uba. Direban bas ne, kuma kafin harin ba taron ƙin yaƙi da ba ya zuwa. Kullum maganarsa ita ce faɗan Turai ne, teku ya raba su, ba zai ba da ɗansa ba. Ta ce ranar Lahadi ce da rana, tana 'yar shekara tara, suna cin abinci a wannan falon da nake shara kullum, rediyo ya katse abin da yake yi ya faɗi labarin. Uban ya ajiye wuƙar yanka nama. Da safe yayanta ya ɗauki kwat zai je ya ba da sunansa a soja, uban da kansa ya goge masa takalmi ya raka shi tasha. Yayan ya dawo da ransa bayan shekara huɗu, ya yi jikoki goma sha ɗaya. Ta nuna ni da cokali ta ce, "Ranar nan muka shiga, Hamdatu. Ina wurin. Babana ma ba maƙaryaci ba ne."

To ka ji inda nake. Uba biyu, duka sun rasu, duka masu gaskiya, ni kuma a tsakiya da leshi. An ba ni dama ta biyu, 14 ga Yuli. In na sake faɗi sai in koma farko, sabon fom, sabon layi, wataƙila shekara guda. Mma kuwa shekararta casa'in. Ina tsoro, Yaya. In wannan tambaya ta sake fitowa ban san abin da bakina zai yi ba.

Ka yi mini faɗan da za ka yi, na shirya. Amma ka tausasa murya in ka zo karanta wa Mma.

Taka,
Hamdatu

*

Aboabo, Kumasi
19 ga Mayu

Hamdatu,

Wa alaikumus salam. A shekara talatin da huɗu na ga ɗalibin da ya faɗi don bai sani ba, na ga wanda ya faɗi don barci ya kwashe shi, na ga wanda akuya ta cinye masa littafi. Ban taɓa ganin wanda ya san amsa, aka roƙe shi ya faɗa, ya ce a'a sai dai ya ba da labarin ganga ba. Na rubuta miki shafi uku a kan wannan, da hujjoji da shekaru. Da na karanta wa Mma don ta sa albarka, sai ta ce in yaga. Ta ce ita za ta yi magana, ni in riƙe biro kawai. Abin da ke ƙasa nata ne, kuma ina so a san cewa ban yarda da yadda aka siffanta ni a ciki ba.

"Hamdatu, 'yar Baba, ina gaishe ki. Kin gaji ubanki, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da na ji abin da kika yi na yi dariya har haƙorina ɗaya da ya rage ya motsa. Ban ji haushi ba. Yarinyar da ta ƙi sayar da maganar ubanta don takarda, ni na haife ta. Amma ke da wannan yayan naki mai kan littafi duk ba ku san mutumin da kuke gardama a kansa ba. Ni na san shi.

"Uwata tana sayar da koko da ƙosai a bakin tashar mota, ni nake zuba wa mutane. Ubanku ya fara zuwa shan koko. Daga kofi ɗaya ya koma biyu. Mutumin da ke zaune can unguwar Asawase, ya wuce masu koko bakwai kafin ya iso namu. Rumfarmu ta yi yoyo, shi ya hau ya gyara. Itace ya ƙare, sai mu ga itace. Ƙanena ya yi zazzaɓi, shi ya goya shi zuwa asibiti. Shekara biyu cur ana haka. In abokansa suka ce, kai, kana son yarinyar nan ne? Sai ya ce shi ba ruwansa, koko ya zo sha. Uwata ta gaji ta tambaye shi da kanta, ya ce mata shi dai mai taimako ne.

"Rannan sai wani direban babbar mota, mai zuwa Tamale, ya aiko wa babana da ƙwaryar goro fari. Labari ya kai wa ubanku da la'asar. Aka ce kofin da ke hannunsa ya ajiye bai shanye ba. Washegari ko rana ba ta yi zafi ba sai ga kawunnansa uku a zaurenmu da manyan riguna, ɗaya ma a bai-bai ya sa tasa don sauri.

"To ki gaya mini, yaushe ubanku ya shiga nemana? In kika ce tun ranar da ya hau rumfa, kin yi gaskiya. In kika ce ranar da direba ya taɓa shi, kin yi gaskiya. Amma duk wanda ya tambaye ni me ya sa ya turo kawunnansa, goron direba zan ce, don shi ne abin da ya faru a gaban shaidu. Ubanku ya gane Amurkawan nan ne don halinsu ɗaya. Shi ya ga gyaran rumfa, uban tsohuwarki ya ga zuwan kawunnai. Ba wanda ya ƙaryata wani.

"Ki je ki faɗa musu abin da ke cikin katinsu, rantsuwarki ba za ta ci ki ba. In akwai alhaki na ɗauka. Ki gaida tsohuwar nan, ki ce mata wata tsohuwa a Kumasi ta gode da aron da ta ba ki na falonta da labarin ubanta. Ki yi maza. Ni ba na gaggawa, amma ban san na Sama ba."

Nan ta tsaya ta ce a kawo mata shayi. Ni shekarata saba'in, ban taɓa jin labarin direban nan ba sai yau. Na kuma duba shafuka ukun da na yaga, na ga ba abin da ke cikinsu da ya kai wannan. Kada ki gaya wa kowa na faɗi haka.

Yayanki,
Abukari

*

Grand Concourse, Bronx
15 ga Yuli

Yaya Ticha, da Mma da ke saurare ta kunnen dama,

Assalamu alaikum. Ku yi guɗa! Yaya, kai ba ka iya ba, ka kira matarka ta yi a madadinka. Na ci!

Tun da wasiƙar Mma ta iso na samu barci. Na fassara wa Misis Dolan ita da Turancina mai ɗingishi, ta sa na maimaita wurin rigar da aka sa a bai-bai har sau uku. Daga ranar, in ta ɗaga katin yaƙi sai ta ce, "Hamdatu, wa ya kai goro?" Ni kuma in ce Japan. Wata biyu muna haka. Tambayar da nake gudu ta zama ita nake jira, yadda mai sabon zane ke jiran ranar biki.

Jiya na sa leshi shuɗi, mai ruwan ƙwan nan na ajiye shi, bai da sa'a. Wannan karon ofisan namiji ne, dattijo mai furfura, fuskar nan tamau kamar an aiko masa da sammaci. Na ɗaga hannu na rantse da zuciya ɗaya. Ya fara tambaya, ina amsawa. Ina ta baza kunne in ji yaƙi, shi kuwa sai kawo dokoki yake, da majalisa, da tuta. Da muka kai ta goma sha uku sai ya ajiye biro ya ce shi ke nan, na ci, yana taya ni murna.

Na ce, "Shi ke nan kamar yaya?"

Ya ce na cika goma sha biyu, ba sauran tambaya.

Na ce, "Ofisa, ba ka tambaye ni yaƙi ba."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ba dole ba ne. Na ce a wurinsa ne ba dole ba. Ni wata biyu ina dafa wannan amsa, mutum uku suka sa hannu a cikinta, ɗaya a Parkchester, biyu a Kumasi, ba zan koma da ita gida a tukunya ba. Yaya, na san ka ce in rufe baki. Na rufe har sau goma sha uku, ka ba ni makin wannan.

Ya duba agogo, ya jingina da kujera ya ce, to, me ya sa Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu? Na gyara zama na ce, "Don Japan ta kai hari Pearl Harbor, bakwai ga Disamba, 1941." Ya ce daidai. Na ce, amma kafin nan kun yi shekara biyu kuna shan koko. Ya ce, koko? Sai na ba shi duka, gangunan mai, da rumfa, da itace, da kawunnai uku. Mutumin nan da na zaci bai san dariya ba sai ga shi yana share ido da bayan hannu. Ya ce shekararsa ashirin da biyu a wannan kujera, ba a taɓa tsare shi a ba shi amsar da bai nema ba. Har ya rako ni bakin ƙofa, sannan ya ce, "Ma, tambaya ɗaya ta ƙarshe, ba ta cikin jarrabawa. Shi direban fa, ya ya ƙare?"

Ka ga inda ya kama ni. Wannan ce kaɗai tambayar da na kasa jiya ban da wata guda a kan alƙalai. Mma, ki taimake ni da amsa, ko don in huta.

Zuweira tana jira a waje, da ta ga fuskata ta saki ihu har mai gadi ya leƙo. Da yamma gidan ya cika. Matan unguwa sun zo da waakye, shinkafa da waken gida, da shito mai yaji, 'yan Nijar na bene na huɗu suka kawo dambu da kilishi, Souley ya ajiye mota ya zo ya ci faranti biyu yana cewa shi gaisuwa kawai ya zo yi. Jikokina suka yi mini tuta da takarda, suna ta "Grandma is American," ni kuma ina ce musu Grandma 'yar Aboabo ce mai fasfo biyu.

Abu ɗaya ne ya sosa mini rai. Yau da safe na gaya wa Misis Dolan cewa tafiyata ta matso, kuma Aïchatou, ƙawata 'yar Zinder mai hannu mai sanyi, ita za ta karɓe ni. Na ɗauka za ta yi rigima. Sai ta kama hannuna ta ce, "Na are ki shekara shida daga wurin wata tsohuwa. Je ki mayar mata da kayanta." Muka yi kuka tare, sannan ta ce in daina jiƙa mata bargo in ɗora shayi.

Za a rantsar da mu cikin watan Agusta, wannan rantsuwar kam ba gardama a cikinta. Daga nan sai fasfo. In Allah ya yarda kafin ƙarshen Satumba ina Kumasi. Ka gaya wa matarka ta yi haƙuri da maganar buhunan masara, na saya mata jaka mai kyau.

Ƙanwarka, wadda ta ci jarrabawar tarihi ba da shafukanka uku ba,
Hamdatu

*

Aboabo, Kumasi
27 ga Yuli

Hamdatu ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. An yi guɗa har maƙwabta suka shigo tambayar wa ya haihu.

Amsar ofisanki: direban ya auri ƙanwar Mma bayan wata biyar. Kawu Mahamudu ne, wanda ya yi ta ba mu alewa muna yara, wanda Baba bai taɓa yarda ya hau motarsa ba. Yanzu na gane dalili.

Da na gama karanta mata, Mma ta ce, "Tambaye ta, kwana nawa za ta yi?" Kin san ita ce tambayar da take miki duk zuwanki tun ba ki ajiye jaka ba, don ta san yadda za ta raba kwanakin. Na ce mata, Mma, wannan karon babu kwana nawa. Ta ce ba ta ji ba. Na matsa kusa da kunnen dama na sake faɗa. Ta ce in ƙara.

Ta ji sarai tun na farko. Sau huɗu na faɗa mata.

Ki zo, Hamdatu. Allah ya kawo ki lafiya.

Yayanki,
Abukari